Mai gida ya ce in fitar da karena ko in tashi: ina matsayina a doka?

Tambaya: Barista, ina haya a fulat a Agege, ina biya shekara-shekara. Ina da karen gadi. Maƙwabta sun kai ƙara wai haushinsa na hana su barci, yanzu mai kula da gidan ya ba ni mako biyu in rabu da shi ko in kwashe kayana.

Amsa: Malam, fara da ɗauko takardar yarjejeniyar hayarka, domin a can hukuncin yake. In akwai sharaɗin hana ajiye dabbobi kuma ka sa hannu, ya hau kanka, ko da karen bai taɓa damun kowa ba. Haka ma in takardar ta ce za ka bi ƙa'idojin rukunin gidajen. In babu wannan sharaɗi, mai gida ba zai ƙirƙiro shi a tsakiyar shekara ba sai da yardarka, amma yana iya sa shi lokacin sabunta haya.

Sai dai rashin sharaɗin bai wanke ka ba. Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta bai wa kotu damar tashin ɗan hayar da ya zama abin damuwa ga maƙwabta. Haushin dare, kashi a tsakar gida inda mutane ke alwala, sakin kare a matakala yara na hawa da sauka, duk hujja ce in an kawo shaidu.

Maganar mako biyu kuwa ba ta da ƙarfi, sai in yarjejeniyarka ce ta yanke gajeren wa'adi. In ba ta ce komai ba, mai biyan shekara yana da notis na wata 6 a rubuce, mai biyan wata-wata yana da wata 1. Bayan ya cika sai notis na kwana 7, sannan kotu. Amma ka lura: in hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, misali shekara ɗaya tak, da zarar ta ƙare notis na kwana 7 kaɗai ake bukata. Nan ne masu haya da yawa ke faɗuwa. Wannan doka ba ta aiki a Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, amma Agege na ƙarƙashinta.

Ba wanda ke da ikon canza maka makulli ko watso kayanka waje. Tashin ɗan haya da ƙarfi laifi ne, tararsa na iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6.

Shawarata, kada ka jira kotu. Kai karen wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin haukan kare, wanda ake sabuntawa duk shekara, ka adana katin. Kada ya fita sai da sarƙa da takunkumi. Rubuta wa mai gida wasiƙa ka faɗi matakan da ka ɗauka, ka riƙe kwafi, kuma ka ci gaba da biyan haya kana karɓar rasit. In ya ƙi sauraro, je ofishin sulhu tsakanin jama'a (Citizens' Mediation) na Ma'aikatar Shari'a ta jihar, sulhu a can kyauta ne.

Abin da ya fi damuna shi ne cizo. In karen ya taɓa kai wa wani hari kuma ka sani, duk wanda ya ciza nan gaba kai za ka biya kuɗin magani da diyya, ba sai an tabbatar da sakacinka ba. In haka halinsa yake, ka nema masa wani wuri mai katanga tun yau.