Amsa: wasannin da sunka ba ni haushi, daga PSP har PS4

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, inda kake cewa ka tara 'yan kuɗɗinka kana son sayen na'urar wasa, ko ƙarama ta sawa aljihu ko PS4 okaziyon, kuma kana son waɗanda sunka daɗe a harkar su gaya maka wasannin da sunka saya da ɗoki daga baya sunka yi da-na-sani. Ban amsa ba sai yanzu don kuran ya ɗauke a kartiyenmu, kuma maganar ba ta layi biyu ba ce.

Ni na riƙe ɗakin wasa a Tawa shekaru da dama, da PS2 biyu da tele biyu na fara, daga baya na dawo nan Yamai na ci gaba da PS3 da PS4. A ɗakin wasa ba a ɓoye wasa mara kyau, yaro da kuɗɗinsa ya zo, in wasan bai yi masa ba aje maneti zai yi ya ce a mayar masa da tsohon, to da wannan ma'aunin nake magana.

Abin da ya fi cin mini rai a duk tsawon shekarun nan shi ne suna ɗaya, kwali ɗaya, amma abin da ke ciki daban. Ka ga bidiyon wasa a YouTube ya burge ka, ka je ka sayo na na'urarka, ka kunna ka tarar wani abu ne can. Ɗauki FIFA. A PS4 an sa labarin nan na Alex Hunter cikin FIFA 17, yara sunka yi ta zancensa, to na PS3 babu shi ko kaɗan, kuma FIFA 18 da FIFA 19 na PS3 an rubuta Legacy Edition a jikinsu. Ka riƙe kalmar nan da kyau, ma'anarta wasan bara ne anka sake wa riguna da sunayen 'yan wasa, tafiyar ƙwallo da komai na nan yadda suke. Haka anka yi wa masu Vita, ƙaramar na'urar aljihu ta Sony, da FIFA 14 da 15, haka kuma masu Switch ta Nintendo daga FIFA 20 har FIFA 23, shekara huɗu a jere. Sai a 2023 da FC 24, wato magajin FIFA, ya fito sannan Switch ta samu sabon wasa na gaske. Don haka in Switch ka saya kuma wani ya miƙo maka FIFA 23 da tsada yana cewa ai shi ne sabo, ka sani ba ka tsere wa mai FIFA 20 da komai ba sai sunaye. Ni wannan ya fi mini ciwo a kan wasan da ya fito da kurakurai, don mai kuskure ana iya gyara shi, wannan kuwa haka anka nufa.

Akwai irinsa na kasuwa wanda ba ruwan kamfani. A PES, wasan ƙwallo na kamfanin Konami, PES 2014 shi ne na ƙarshe da ya fito a PS2, to duk CD ɗin PS2 da ka gani an rubuta PES 2020 ko 2023 da hoton Mbappé, tsohon PES ne wasu sunka shiga sunka canza masa 'yan wasa. Wasu suna da daɗi ban musa ba, amma na taɓa sayen guda uku wajen wani mai tebur, biyu suna tsayawa cak da an kai minti na arba'in da biyar, na koma ya ce shi bai san zancen ba.

Sai eFootball 2022, wanda har yau in na tuna shi raina na ɓaci. Ka gane, mu nan PES ba wasa ba ne kawai, da shi munka tashi. PES 6 na 2006, Adriano na Inter in ya saki ƙwallo daga nesa sai gola ya yi addu'a, Master League, inda kake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka, da muke kwana a kanta lokacin bakans, kai har shiga wajen gyara muke mu ƙera Mena, ƙungiyar ƙasarmu, da hannunmu, mu sa su Maâzou, lokacin da Nijar ta je CAN a 2012 da 2013, don ba ta cikin wasan. To ranar 30 ga Satumba 2021 anka fito da magajin PES, wato eFootball ɗin nan, anka ce kyauta ne, an bar tsohon injin da ake gina wasan da shi an koma wani mai suna Unreal. Na kashe forfe mai yawa na sauke shi cikin dare, na gaya wa yara su zo da sassafe. Ƙungiya tara kacal za ka iya zaɓa ku buga da abokinka, Master League babu, fuskokin su Messi da Ronaldo sun zama abin dariya a intanet, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali, ɗan wasa na gudu hannuwa a baya, fas ɗin kuma nauyi kamar ana tura buhun gero. Kafin azahar yara sun ce in mayar musu da PES 2021. Konami da kanta ta fito ta ba da haƙuri, kuma cikakken gyaran bai zo ba sai Afrilu 2022. Na yarda ya gyaru sosai daga baya, masu buga shi a waya ma sun fi yawa yanzu, amma an gina shi ne don mai koneksiyon mai ƙarfi da ke buga wa mutanen nesa, mu kuwa daɗin ƙwallo a wajenmu mutum biyu ne a kan benci ɗaya da mutum goma a bayansu suna ihu.

Tunda ka ambaci PS4, kada kowa ya ruɗe ka da Cyberpunk 2077. Ya fito 10 ga Disamba 2020, a tsohuwar PS4 hoto na tsinkewa, mutane da motoci na ɓullowa gabanka kamar aljanu, wasan na rufe kansa, abin ya kai cikin kwana kamar takwas Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta ce a mayar wa mutane kuɗɗinsu, bai koma ba sai Yuni 2021. Waɗanda za ka ji suna yabonsa yau a PS5 ko babbar kwamfuta suke buga shi, kuma babban gyaran 2023 da ƙarin labarin Phantom Liberty ba su zo PS4 ba sam. In CD ka saya kuma, abin da ke kan faifan shi ne na farkon, sai ka sauke gyara mai giga masu yawa kafin ya zama abin bugawa, kai kuma ka san kuɗɗin giga a ƙasar nan. Haka WWE 2K20 na 2019 in kai mai son kokawar Turawa ne, lalacewarsa ta sa shekarar da ta biyo ba a fito da 2K21 ba, nemi 2K19. GTA Trilogy na Nuwamba 2021, wato tsofaffin GTA uku da anka sabunta har da San Andreas, shi ma sai da kamfaninsa Rockstar ya ba da haƙuri, an gyara abubuwa da yawa daga baya, amma ni har yau San Andreas na PS2 ya fi kwanta mini, hazon nan da ke rufe nesa shi ke sa garin ya yi girma a ido, da anka cire shi sai ka hango ƙarshen taswira daga kan bene.

To mu dawo kan na aljihu, don na lura nan hankalinka ya fi karkata. Tun muna yara munka fara shan wannan, ɗan abin nan mai pil biyu da anka rubuta 9999 in 1, ka yi ta dannawa ka tarar wasa kaɗan ne ake juya maka su, tubali da mota da maciji. PSP kam ina sonta har gobe, amma ka san sanda ɗaya gare ta ta juyawa, kuma maɓallan sama L da R kawai, babu L2 babu R2. Duk wasan harbi da anka ɗauko daga babbar na'ura anka cusa mata yana wahala, Call of Duty Roads to Victory da maɓallan alwatika da da'ira kake saita bindiga, hannunka zai gaji kafin ka ji daɗi. SmackDown vs Raw 2006 a faifan UMD kuwa jiran lodi kaɗai ya isa ka sha shayi na farko. Vita ta zo da sanda biyu munka ce an huta, sai Call of Duty Black Ops Declassified na 2012 ya zo da labarin da za ka gama cikin kamar awa guda, ga shi katin ajiyarta nata ne na musamman, ba ta cin ƙaramin katin waya, kuma samunsa a kasuwa aiki ne. A Switch ka yi nesa da WWE 2K18, in 'yan kokawa sunka yi yawa a fili tafiya suke kamar cikin ruwa, Mortal Kombat 1 na 2023 shi ma an sayar da shi dala 70 na Amurka daidai da na PS5 alhali hoton bai kama ƙafarsa ba.

Amma fa kada ka ɗauka ƙananan na'urorin ne ba su da kyau. Wasan da anka gina dominsu tun daga tushe, ko anka daidaita musu da kyau, yana da daɗi ƙwarai. God of War Chains of Olympus da Ghost of Sparta a PSP, Tekken Dark Resurrection, GTA Vice City Stories, waɗannan na buga su a motar Tawa zuwa Yamai har batir ya mutu wajen Dogon Dutsi ban ji tsawon hanya ba. A Switch kuma Zelda Breath of the Wild da Mario Kart 8 Deluxe, dukansu na 2017, ba sa neman intanet kuma ba sa tsufa.

In shawarata kake so, in ƙwallo da abokai ne burinka kuma kuna da kuran daidai gwargwado, ɗauki PS4 da maneti biyu da PES 2021 ko FIFA ɗin da kake so. In kuwa unguwarku irin tamu ce da wuta ke tafiya lokacin zafi, ta aljihun ta fi maka. Ko wace ce, kada ka biya sai an kunna ta gabanka ka buga kamar minti ashirin, ka saurari fanka in PS4 ce don ƙurar garin nan na toshe ta, ka saki sandar maneti ka gani ko ɗan wasa na tafiya shi kaɗai, ka duba bayan PSP ko batir ya kumbura. Kuma kafin ka sayi kowane wasa, rubuta sunansa tare da sunan na'urarka a YouTube, ka kalli wanda wani ya ɗauka yana bugawa da hannunsa, ba tallar kamfani ba. Faɗa mini nawa ke hannunka da wace kake so cikinsu, in gaya maka wasa biyar da za ka fara da su.