Tambayi Likita: Tocilar duba ido, da yaron da idonsa ke ƙyalli kamar na mage

Tambaya: Likita ni ɗalibar jinya ce a Zariya, za mu fara shiga wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, an ce kowa ya sayi 'yar tocilar nan mai kama da biro. Wacce iri zan saya?

Amsa: 'Yata ki nemi ta ƙarfe mai cin batir AAA, wadda aka zana ma'aunin ƙwayar ido a jikinta, ɗigo-ɗigon nan na milimita. Haskenta ya zama mai laushi ba mai kashe ido ba, kuma ya taru waje ɗaya. Ki kunna ta a shagon ki haska tafin hannunki, in tana kiftawa ki ajiye musu kayansu. Ta roba wadda ba a canza mata batir rana ɗaya za ta mutu miki a tsakiyar aikin dare.

Tambaya: Tocilar waya ba za ta yi ba?

Amsa: A lalura dai. Haskenta ya yi ƙarfi kuma a warwatse yake, sannan wayar da kika kai bakin mara lafiya ita za ki kara a kunnenki. Tocila kuwa ki goge ta da auduga da sifirit, kin gama.

Tambaya: Ina da mai jan haske ta leza, zan iya duba ido da ita?

Amsa: Subhanallahi, a'a! Leza tana ƙona bayan ido inda gani yake, kuma wajen ba ya dawowa. Ki ɗauke ta daga hannun yara ma.

Tambaya: Likita ɗana shekararsa 2, ranar da aka ɗauke wuta na haska shi sai na ga tsakiyar idonsa ɗaya fari yana ƙyalli kamar na mage. Kakarsa ta ce shafar iska ce, ana masa hayaƙi ana ɗiga nono da kwalli. Ba ya kuka, yana wasansa.

Amsa: Baiwar Allah wannan tambayar taki ita ta fi tayar min da hankali, dan Allah gobe da safe ki kai shi asibitin ido, kar ki jira kasuwa ta ci kar ki jira babansa ya dawo daga tafiya. Tsakiyar idon yaro baƙi ya kamata ya kasance, in hasken kyamara ya shiga a hoto sai ya fito ja-ja a duka biyun. In ɗaya ya yi fari to akwai abin da ya tare hanya, ko yanar ido da ake haifar yara da ita, ko kuma sankarar bayan ido da muke kira retinobilastoma, wadda galibi yara 'yan ƙasa da shekara 5 take kamawa. Da farko ba ta ciwo, shi ya sa kike ganin yana wasa, kuma nan ne iyaye suke sakankancewa. Na sha ganin an kawo yaro bayan wata da watanni ana yawon hayaƙi, idon ya kumburo waje an rufe shi da tsumma, uwar tana cewa ai tun yana rarrafe ta ga farin, wallahi abin yana ci min rai, domin in an zo da wuri ana ceton ran yaron, wani lokacin har da idon, in an bari kuwa ciwon yana bin jijiyar ido ya shiga ƙwaƙwalwa. Ko yanar ce ma, jinkiri yana sa idon ya ƙi koyon gani.

A daina ɗiga nono, a daina kwallin nan, wani kwallin akwai dalma a ciki mai cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Ki lallaɓa Hajiya, ki ce mata a ci gaba da addu'a, kuma ta raka ku da kanta ta ji daga bakin likita. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, in sun yi miki nisa ki fara da babban asibitin garinku su ba ki takarda. In kina da hoton da farin ya fito ki tafi da shi, ki tafi da ƙannensa da yayyensa ƙanana a duba su domin wani irin ciwon ana gadonsa. Gobe fa, ba jibi ba.