Filin Tambaya da Amsa: Gam a Maimakon Ɗinki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya faɗi goshinsa ya tsage, da muka je asibiti sai aka manne wurin da wani gam ba tare da ɗinki ba. Shin irin gam ɗin kasuwa ne da ake kira sufa gulu? Kuma da gaske ne akwai wanda ake sawa a cikin jiki? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah Ya ƙara wa yaron lafiya. Asalinsu ɗaya ne, wato wani sinadari da Harry Coover ya gano a Amurka a 1942, amma na asibiti, irin su Dermabond da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998, an gyara shi yadda zai lanƙwasa tare da fata, ba kamar na kasuwa ba da ke zafi yana kuma iya ƙona nama. Kada ki shafa masa mai ko ki ɓamɓare shi, domin yakan faɗi da kansa cikin kwana 5 zuwa 10. Ina roƙon masu karatu su daina ɗiga sufa gulu a rauni, musamman mai zurfi ko mai datti ko cizon dabba, saboda rufe ƙwayoyin cuta a ciki ya fi barin raunin a buɗe haɗari.

Cikin jiki kuwa shi ne wurin da masu bincike suka fi shan wahala, domin huhu da hanji a jiƙe suke kuma ba sa daina motsi. Likitocin tiyata sun daɗe da amfani da gam da ake haɗawa daga sinadaran daskarar da jini na ɗan Adam, sai dai riƙonsa ba shi da ƙarfi sosai. Wannan ne ya sa hankali ya koma kan haidirojel, wani abu mai danƙo wanda mafi yawansa ruwa ne. A 2017 masana a Jami'ar Harvard sun kwaikwayi yauƙin wani nau'in dodon koɗi marar ƙoƙo, suka haɗa wanda ya manne a zuciyar alade duk da jinin da ke kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda haidirojel ke ɗaukar magani ya ajiye shi daidai inda cutar take. Jelmyto, wani magani da aka amince da shi a Amurka a 2020 don wani nau'in sankarar hanyar fitsari da ke cikin ƙoda da bututun da ke fitowa daga ita, akasin man shanu yake: ruwa ne idan yana da sanyi, amma da zarar an tura shi ta siririyar roba ya ji ɗumin jiki sai ya daskare, ya yi sa'o'i yana sakin maganin a hankali kafin fitsari ya narkar da shi. Da ruwa zalla aka zuba, da fitsarin ya wanke maganin tun bai yi aiki ba.