Gwajin Iri Kafin a Zuba Shi a Ƙasa Mai Gishiri

Ɗana, jiya da muka taso daga fangalan ƙasan magudana ka tambaye ni yadda za a san ko irin shinkafa zai jure farin gishirin nan da ke fitowa a bayan ƙasa. Ka kyauta da ka tambaya, domin farin nan ya cinye wa manoman rani jari a nan Kadawa ba kaɗan ba.

Gishiri riƙe ruwa yake yi. Sai ka ga ƙasa jiƙe sharkaf, amma shuka na fama da ƙishi, saiwa ta kasa tsotsa. Malaman gona suna da na'urar aunawa. In ta nuna 4, ƙasa ta yi gishiri. Albasa tun da an haura 1 take fara ja baya, tumatir 2.5, shinkafa 3, alkama kuwa sai wajen 6.

Mu da ba mu da na'ura, ga yadda nake yi. Nemo gwangwanaye uku, ka huda gindinsu, ka cika su da ƙasa iri ɗaya, kowanne ƙwaya 20. Na farko ruwan kanal zalla. Na biyu rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, na uku cokali cike. Ka riƙa zubawa har ya ɗigo ta ƙasa, kada gishirin ya taru fiye da yadda ka auna. Na farkon nan kada ka raina shi, da shi za ka gwada sauran.

Inda ake ruɗuwa shi ne tsiro. Shinkafa takan tsiro ko da gishiri, mutum ya yi murna ya kwashi iri ya nufi gona. Ni ma na taɓa yi, na sha asara. Yi haƙuri sai mako uku. Sannan ka tumɓuke su a hankali, ka wanke saiwar, ka jera a kan buhu. Dubi bakin tsohon ganye, ko ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Dubi saiwa, ko ta taƙure. Ka shanya, ka ɗora kowane kashi a sikeli. Irin da nauyinsa bai yi nisa da na ruwa zalla ba, shi ne namu.

Duk da haka sai an sake dubawa lokacin fure, don a nan ma gishiri na sa kan shinkafa ya fito ba ƙwaya, sai ƙaiƙayi.

Fangalan can dai bana alkama za mu sa, mu kuma yashe magudanar. Gobe ka zo da gwangwanayen.