Lauyoyin Masallaci da Coci: Me Za Su Iya Yi wa Wadda Aka Ba Takardar Tashi Daga Gida?

Tambaya: Mijina ya rasu, ana bina kuɗin haya na wata 4, ga wani tsohon bashi da ya bari. Mai gidan ya kawo mini takarda wai in tashi. An ce mini akwai ƙungiyoyin addini masu lauyoyi kyauta. Shin suna iya taɓuka wani abu, ko nasiha ce kawai?

Amsa: Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Baiwar Allah, suna iya taɓukawa sosai, amma sai kin je da wuri, don wa'adin da ke cikin takardar nan ba ya jiran kowa.

Wasu daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi lauyoyi ne 'yan sa-kai da ke zama a harabar masallaci ko coci a wasu ranaku. Wasu shawara kaɗai suke bayarwa, wasu su rubuta miki wasiƙa, kaɗan ne ke tsaya wa mutum a kotu. Tun zaman farko ki tambaya wanne daga ciki za a yi miki, kuma ki tabbatar wanda ke gabanki lauya ne mai lasisi. Sirrin da kika gaya wa lauyanki doka na kare shi. Wanda kika gaya wa ɗan kwamitin masallaci ko coci ba lallai ba ne. Idan mai gidan ɗan jama'ar wurin ne, ki faɗa tun farko, don lauya ɗaya ba ya wakiltar ɓangare biyu.

Ki tafi da takardar tashin, da yarjejeniyar haya, da duk rasit ko shaidar tura kuɗi, da saƙonnin waya tsakaninki da mai gidan, da takardar shaidar rasuwa. Ki rubuta ranar da aka miƙa miki takardar da yadda aka miƙa. Kada ki raina wannan: a wurare da yawa ana korar ƙarar mai gida saboda bai cika kwanakin da doka ta gindaya ba.

Takardar mai gida daban, umarnin kotu daban. A mafi yawan dokoki ba shi da ikon canja makulli, ko yanke wuta da ruwa, ko fitar da kayanki sai da hukuncin alƙali. Amma in sammaci ya zo, ki halarta ko da ba ki da ko sisi. Nan ne talakawa suka fi faɗuwa. Kunya ko tsoro ya hana mutum zuwa, a yanke hukunci a bayan idonsa, kuma warware shi ya fi kare kai tun farko wahala nesa ba kusa ba.

Inda waɗannan ƙungiyoyi suka yi fice shi ne sulhu. Liman ko fasto na iya sa mai gida ya sassauta inda wasiƙar lauya ba za ta motsa shi ba. Sai dai sulhun baki bai isa ba. A rubuta nawa za ki riƙa biya, a wace rana, da cewa ya dakatar da ƙara, a sa hannu gaban shaidu. Kuma tattaunawar sulhu ba ta tsayar da ranar kotu.

Batun bashin marigayi kuwa, kada ki sa hannu kan komai, kada ki biya ko kaɗan kafin lauya ya duba. A bisa ƙa'ida daga dukiyar da ya bari ake biya, ba daga aljihunki ba, sai in kin tsaya masa ko tare kuka ci bashin. A wasu dokokin ma, biyan ɗan wani abu kan tsohon bashi na iya sabunta wa'adin da ake iya kai ƙara a cikinsa. Kuɗin da kika samu ki fara kai shi ga haya, kuma ki guji rance mai kuɗin ruwa don toshe giɓin.

Ki tambaye su asusun taimako. Waɗanda ake bi bashi na cikin rukunai 8 da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka, coci-coci ma suna da asusun gajiyayyu. In an amince, ki roƙa a biya mai gidan kai tsaye a karɓo rasit da sunanki.