Tambaya da Amsa: Wane Fim Ne Ya Fi Riƙe Amanar Littafin Dracula?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai koyon harkar fim a nan Jos, kuma gardama ce ta kaure tsakanina da abokan karatuna a kan finafinan da aka ciro daga littafin nan na ban tsoro mai suna Dracula. Su sun kafe a kan cewa na 1992 ya fi kowanne, hujjarsu kuwa ita ce ya ɗauki sunan marubucin a takensa, ya kuma ci kyaututtuka. Ni kuma ina ganin na 1931 shi ne uba, tunda shi kowa yake kwaikwayo. Don Allah a jera mana su daga na gaba zuwa na baya, a haɗa har da waɗanda aka shirya domin talabijin. Daga wani ɗalibi, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Barka kadai, malam ɗalibi. Da kai da abokanka babu wanda zan mara wa baya, amma kafin a jera sai an san mudun da za a auna da shi, kuma mudun yana cikin littafin. Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan, ya wallafa shi a Landan a 1897, bai kuwa ba da labarin da baki ɗaya ba. Ya harhaɗa shi ne daga wasiƙu, da littattafan da mutanen cikin labarin suke rubuta abin da ya same su kullum, da guntayen labaran jarida, da rajistar kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Demeter, har da maganar wani likita da yake naɗar muryarsa a na'ura mai kama da garmaho. Shi Dracula, dodon da yake shan jinin mutane, ba a taɓa ba shi bakin ba da labari ba. A babi huɗu na farko, inda lauya Jonathan Harker yake tsare a gidansa da ke Transilbaniya, a cikin Romaniya ta yau, mun gan shi ƙuru-ƙuru: dogon tsoho mai farin gashin baki, da gashi a tafin hannu, da warin baki mai tayar da zuciya, yana saukowa ta jikin katanga kansa a ƙasa. Daga nan sai ya kusan ɓacewa daga shafukan, ɓarnarsa kawai ake gani: akwati hamsin cike da ƙasar kabari an sauke su a Ingila, da budurwa Lucy da take ta ramewa alhali maza huɗu sun ba ta jininsu ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya san ta inda jinin yake zurarewa. Tsoron littafin ke nan, wato annoba ta shigo gida ba a ga ƙofar da ta biyo ba. Fim ɗin da ya riƙe wannan shi ne na gaba a wurina, ko da ya canza sunan kowa.

Saboda haka na ɗora Nosferatu na 1922 a kan gaba, duk da cewa kayan sata ne. F. W. Murnau ya shirya shi a Jamus ba tare da izinin magada ba, ya mayar da Dracula ya koma Orlok, ya kwashe labarin daga Ingila ya kai shi wani gari na Jamus, yana zaton sauya suna zai rufa masa asiri. Matar marigayi Stoker, Florence, ta kai ƙara, kotu kuma ta yanke hukunci a 1925 cewa a lalata duk kwafen fim ɗin; da ba don wasu sun riga sun tsallaka ƙasashen waje ba, da yau sai dai a ji labarinsa. Babu magana a cikinsa sai rubutu a jikin allo, amma ka dubi yadda Max Schreck, wanda ya fito a matsayin Orlok, yake tasowa daga akwatin gawa a sandare, ƙafa a kafe, jiki bai tanƙwara ba, ka dubi inuwarsa tana hawan matakala da zara-zaran yatsu kafin a ga shi kansa, sannan ka dubi jerin akwatunan gawa da ake wucewa da su a titi bayan ɓerayen da ya zo da su sun watsa annoba a gari. Wannan abin da ke kan allo ba wanda mace za ta so ba ne, kuma haka Stoker ya rubuta shi. Laifinsa guda shi ne a nan aka ƙirƙiro cewa hasken rana yana kashe mashayin jini. A littafi kuwa Harker ya hange shi da rana tsaka a titin Landan, ƙarfinsa kawai yake raguwa. Ku da kuke karatun fim a garin da Hukumar Finafinai ta Nijeriya da makarantarta suke, ku lura cewa inuwar nan ba ta ci kuɗin komai ba sai fitila da bango.

Na biyu na talabijin ne, wato Count Dracula da BBC ta nuna a 1977, wanda Philip Saville ya ba da umarni. Idan bin littafi sawu da ƙafa kaɗai ake nema, shi ne zakara. Ya kai kusan awa biyu da rabi, don haka ya samu sararin da fim ɗin silima ba ya samu, aka je garin Whitby na gaske a Ingila, inda jirgin Demeter ya tsaya a littafin, aka ɗauki maƙabartar da ke kan tudu, aka nuna saukowa ta katanga, aka nuna jaririn da aka kawo wa mata uku masu shan jini na gidan Dracula a cikin jaka, abin da finafinai da yawa suke tsallakewa. Ya yi 'yan gyare-gyare, ya mayar da Mina, wadda Harker ya aura, da ƙawarta Lucy 'yan uwan juna, ya haɗe biyu daga cikin manema Lucy suka zama mutum ɗaya. Abin da ya hana shi hawa sama shi ne Louis Jourdan, wanda ya fito a matsayin Dracula, ya cika kyau da tattausan lafazi, sannan dabarun hoton da aka yi tinƙaho da su a wancan zamani yau dariya suke ba yara.

Na 1958 na kamfanin Hammer ya zo na uku, shi kuwa ya yanke littafin yankan rashin tausayi: babu jirgin ruwa, babu mahaukacin nan Renfield mai cin ƙudaje, ba a ma je Ingila ba. Amma mai ba da umarni Terence Fisher ya gane sirrin ɓoye dodo. Christopher Lee, a matsayin Dracula, ya yi 'yan jimloli a farko cikin ladabi, daga nan bai sake cewa uffan ba sai huci da jajayen idanu da jini a fiƙa, kuma a cikin launi, abin da masu kallon wancan lokaci ba su saba gani ba. Ƙarshensa, inda Peter Cushing, mai farautar dodon, ya haye dogon tebur a guje ya fizgo labule rana ta shigo, har yau yana sa mai kallo ya miƙe daga kujera.

Yanzu ga gwanin abokanka. Na 1992 na Francis Ford Coppola yana da abin yabo da ba a musu: ya bar manema Lucy su uku cur, ya bar mutuwar ɗayansu, Quincey Morris, ya bar tseren komawa Transilbaniya, kuma kusan duk dabarun hotonsa a gaban kyamara aka yi su, ba da kwamfuta ba. Kyautar Oscar uku ya ci, amma ka tambayi abokanka a kan me: sutura, da kwalliya, da tace sauti. Babu ta rubutun labari. Fim ɗin ya buɗe da wani tarihi da babu shi a littafin, inda matar Dracula ta kashe kanta a 1462, shi kuma ya yi ta jimaminta ɗaruruwan shekaru har ya sake ganinta a jikin Mina. A littafi, dole Dracula ya yi wa Mina ta sha jininsa, ta kuma tashi tana ƙyamar kanta, sannan ita ce ta tattara takardun kowa ta buga su a tafireta har aka gano inda ya dosa. Coppola ya ɗauki wannan cin zarafi ya mayar da shi soyayya, ya mayar da mace mafi kaifin hankali a labarin ta koma mai kuka a kan masoyi. Sa sunan Stoker a take bai wanke wannan ba. Rigar aro ce, ba ta rufe katara. Na huɗu ya ishe shi.

Naka kuma, malam ɗalibi, na biyar ne, ka yi haƙuri. Gaskiyarka ce cewa Bela Lugosi, mutumin Hangari da ya fito a matsayin Dracula, shi ya ba duniya baƙar alkyabba da tajajjen gashi da lafazin nan mai jan harafi. Sai dai mai ba da umarni Tod Browning daga wasan daɓe ya ɗauko labarin, ba daga littafin kai tsaye ba, shi ya sa bayan mintunan farko masu kyau a gidan Dracula sai fim ɗin ya zauna a falo ana ta zance, har mutuwar dodon ma ba a gani, nishinsa kawai ake ji. A dare, bayan 'yan wasan Turanci sun tashi, wata tawaga tana shiga ɗakunan nan ta ɗauki nata da Sifaniyanci, kuma masana da dama sun fi yaba motsin kyamarar wancan. Ka neme shi ka kwatanta.

Na baya shi ne na BBC da Netflix na 2020, mai kashi uku. Kashi biyun farko suna da daɗi, musamman na cikin jirgin ruwa, amma na uku ya yi tsalle na shekara 123 ya kawo Dracula zamanin wayar hannu, sannan ya zauna yana yi mana bayanin dalilin da ya sa yake tsoron abin da yake tsoro, kamar mara lafiya a gaban likitan ƙwaƙwalwa.

Tambaya: Malam, yarana biyu, ɗan shekara 12 da 'yar shekara 15, sun matsa mini sai sun kalli Dracula. Wanne ne babu ɓarna a cikinsa? Daga wata uwa, Rikkos, Jos.

Amsa: Hajiya, ki nisanta su daga na 1992, domin akwai tsiraici da batsa a fili, haka nan na 2020 da sabon Nosferatu na 2024 na Robert Eggers, waɗanda na manya ne. Na 1931 kusan babu jini a cikinsa, na 1922 kuma tsoronsa na inuwa ne, ko da yake fuskar Orlok tana iya hana ƙaramin barci. Ki zauna tare da su, domin za su ga ana korar dodon da gicciye da sauran kayan coci, ki bayyana musu cewa almara ce ta Turawa da aka gina a kan al'adarsu. Na 1922 yana nan kyauta a YouTube, amma ki zaɓi wanda aka gyara aka mayar masa da rininsa na asali, saboda da rana aka ɗauki wuraren dare sannan aka rina su shuɗi, kuma a kwafen da babu rini sai a ga Orlok yana yawo da akwatinsa da rana tsaka, yara su rikice.