Me ya sa kuskure ke wuce idon mai duba magani idan layi ya yi tsawo?

Tambaya: Ina aiki a sashen bayar da magani na wani asibiti. Mutum biyu ke duba kowace takardar likita kafin a miƙa magani, amma ranar da aka yi cunkoso sai ka ji kuskure ya fita. Sakaci ne ko me? Daga wata ma'aikaciya a Zariya.

Amsa: Malama, galibi ba sakaci ba ne. Idan aiki ya yi yawa, dubawar ce ke fara lalacewa. Wanda ya gaji ba ya karanta sunan magani har ƙarshe. Haruffan farko yake gani, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran da abin da ta saba. Ta haka chlorpropamide na ciwon sukari ke fita a madadin chlorpromazine na taɓin hankali, ko carbimazole na ciwon maƙoƙo (thyroid) a madadin carbamazepine na farfaɗiya. Saboda irin wannan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, a 2001, ta nemi kamfanoni su riƙa rubuta ɓangaren da ya bambanta da manyan haruffa: chlorproMAZINE, chlorproPAMIDE.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. A 2005 Jeremy Wolfe da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka sa mutane neman wani abu cikin hotuna irin na duba kaya a filin jirgi. Da abin ya zama ba kasafai yake bayyana ba, sai masu neman suka riƙa wuce shi ko da yana gabansu. Haka aikinku yake. Mafi yawan takardun da ke zuwa daidai suke, don haka ido ya saba da cewa lafiya lau, kuma hayaniyar masu jira a taga tana sa ya faɗi hakan da wuri.

Batun mutum biyu kuwa, nan nake da ƙorafi. Na farko yana sauri don ya san za a duba bayansa, na biyu kuma ya yarda da na farko. Kowa ya dogara da ɗan'uwansa, an yi biyu babu. Mai dubawa ya fara karanta takardar likita shi kaɗai, ya san abin da ya kamata ya gani, sannan ya ɗauki kwalin maganin. Idan kwalin ya fara kallo, takardar za ta yi masa kama da shi.

Idan waya ko tambaya ta katse ki a tsakiyar takarda, ki koma farkonta. Kada a duba magani da fitilar waya in an ɗauke wuta. Dubawa biyu kuma a taƙaita ta ga masu haɗari, irin su insulin, warfarin mai hana jini daskarewa da maganin yara da ake aunawa da nauyi. Yaro mai kilo 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokacin sha ta artemether-lumefantrine mai ƙarfin 20/120, maganin zazzaɓin cizon sauro, mai kilo 15 kuma biyu, don haka a tambayi nauyinsa kafin a ƙirga ƙwayoyin.